Hamadar da ke cin zukatanmu

1/ Matasan Babura, yau zan sosa mana inda ke ƙaiƙayi. Wanda ya ji haushi ya yi haƙuri, da kaina zan fara.

2/ Duk wanda ya tashi a nan bakin iyakar Nijar ya san yadda hamada ke cin gona. Ba ta sallama. Bana a sare gawo, baɗi a sare aduwa, kafin ka ankara sai rairayi. Haka imani ke zarewa.

3/ Ni ban taɓa cewa na bar sallah ba. Asuba na fara makara, saboda TikTok har ƙarfe 2 na dare. Sai Magariba ta koma "bari a tafi hutun rabin lokaci" a gidan kallo. Alƙur'ani kuwa, rabona da shi tun azumi.

4/ Ranar da muka kai abokinmu makwanci na gane na yi nisa. Ina tsaye bakin kabari, wallahi ko gezau. Hannuna na aljihu yana laluben waya.

5/ Malamai sun sha faɗa mana: kowane zunubi baƙin ɗigo ne a zuciya, in ba a tuba ba sai ya rufe ta ruf. Hukuncin farko kenan, ka daina jin zafin saɓo.

6/ Masu cewa "ai imani a zuci yake", mu daina yaudarar kanmu. Irin gero ma a ƙasa yake, amma in ba ruwa ai ba ya tsiro.

7/ Gobe da Asuba wanda ya riga tashi ya buga wa maƙwabcinsa ƙofa. Allah Ya sa mu cika da imani.