Ƙofar Da Ba A Biyan Kuɗin Shiga

A yawancin sarƙoƙin tubalan bayanai, wato bulokcen, kowace mu'amala tana zuwa ne da sa hannun mai ita. Wannan sa hannun yana yin ayyuka uku a lokaci guda: yana nuna wanda ya aiko, yana nuna asusun da za a ciri kuɗin aiki, kuma yana tafe da lambar jeri wadda ke hana a sake gabatar da mu'amala ɗaya sau biyu. Sai dai Substrate, manhajar da kamfanin Parity ya ƙera aka gina Polkadot da Kusama a kanta, ta yarda a aiko da mu'amala ba tare da sa hannun kowane asusu ba. Duk maginin da ya buɗe wannan ƙofa ya cire waɗancan kariya uku gaba ɗaya, kuma wajibi ne ya mayar da madadinsu da kansa.

Akwai dalili mai ƙarfi na buɗe ta. Mutanen da suka sayi kuɗin DOT a shekarar 2017 sun saya ne ta adireshinsu na Ethereum. Da Polkadot ta fara aiki a 2020, sabon asusun kowannensu babu ko ƙwandala a ciki, don haka ba shi da abin biyan kuɗin karɓar haƙƙinsa. Aka warware matsalar da mu'amala marar sa hannun asusu, wadda ke ɗauke da shaida daga mabuɗin Ethereum a cikinta. Haka kuma a baya masu tabbatar da tubala sun riƙa aika saƙon cewa suna bakin aiki ta irin wannan hanya.

Amma abin da ba a biya masa kuɗi yana jawo masu ɓarna. A watannin Satumba da Oktoba na 2016, an yi wa Ethereum ruwan mu'amaloli masu arhar farashi da nauyin aiki, har kwamfutocin da ke riƙe da ita suka riƙa ja da ƙyar, sai da aka sauya farashin waɗannan ayyuka. Wancan arha ce kawai. Mu'amala marar sa hannu kuwa kyauta ce zalla, kuma sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga.

A nan ne magina da yawa kan yi tuntuɓe, domin mu'amala tana ratsa matakai biyu. Da farko tana isa zauren jira, inda kowace kwamfuta ke tantance ta da aikin da ake kira validate_unsigned. Duk abin da wannan aiki ya rubuta a rumbun bayanai, zubar da shi ake yi da zarar an gama. Sanarwar da sarƙa ke fitarwa idan wani abu ya faru ita ma rubutu ce a rumbun, saboda haka tare ake zubar da su. Wanda ya sa alama a wannan mataki cewa an riga an ga wata mu'amala, rubutu ya yi a kan ruwa. Sai a mataki na biyu, lokacin da aka saka mu'amalar cikin tubali aka zartar da ita, canji ke tabbata, sanarwa ta zauna.

Daga nan ƙa'idar ta fito fili. Tantancewa ta tsaya ga karatu, zartarwa ta ɗauki rubutu da shela, kuma kowane dalili na ƙin mu'amala ya kasance a matakin tantancewa. Mu'amala mai sa hannu idan ta gaza wajen zartarwa, mai ita ya riga ya biya. Marar sa hannu idan ta gaza a can, ta cinye gurbi a tubali, kuma babu wanda aka ci tara.

Na biyu, canjin da zartarwa ta yi dole ya kashe mu'amalar da ta haife shi. Tsarin karɓar DOT ya nuna yadda ake yi: ana gano adireshin Ethereum daga shaidar, a duba ko yana cikin jerin masu haƙƙi, bayan an biya kuma a goge shi daga jerin. Duk wanda ya sake aiko da saƙon, a bakin ƙofa za a mayar da shi. Haka nan a ba kowace mu'amala tambari na musamman, domin zauren jira ya riƙe kwafi ɗaya tak, a kuma yanka mata wa'adi don kada ta yi ta yawo.

Masu suka suna da hujja. Suna cewa binciken shaida ma aiki ne, kuma kowace kwamfuta tana yin sa kyauta ga duk saƙon banza da aka turo mata, don haka gara a rufe ƙofar kwata-kwata. Gaskiya ne nauyin ba ya gushewa baki ɗaya. Abin da za a iya shi ne rage shi: a fara da bincike mafi arha, a bar mai tsada a ƙarshe, idan kuma mu'amalar ta masu haɗa tubala ce kaɗai, a ƙi karɓarta daga waje. Rufe ƙofar kuwa yana nufin wanda ba shi da ko sisi a sarƙar ba zai taɓa karɓar abin da ya mallaka ba.

Saboda haka, kafin magini ya yarda da mu'amala marar sa hannu, ya kamata ya iya amsa tambayoyi uku: wa ke da ikon aiko ta, me zai hana a maimaita ta, kuma wa zai ɗauki asara idan an turo dubu ɗari a minti guda. Wanda ba shi da amsa ga ko da ɗaya daga cikinsu, ya nemi sa hannu, ya karɓi kuɗin aiki.