Fitilar Gani Kafin Fitilar Ado



A taron ƙungiyarmu na watan jiya wani saurayi, ɗan ɗaya daga cikin membobinmu, ya zo neman rance. Ya ce yana so ya fara sana'ar DJ. Da na ji sunan na ɗauka wata Dije ce ake magana a kanta, sai da matasa suka gama dariya suka fayyace mini. Ashe mai kiɗan na'ura ne, wanda yake ɗaukar lasifika da fitilu yana bin bukukuwa ƙauye ƙauye, kamar yadda masu garmaho da rikoda suka yi a zamaninmu. Lasifika kam ya riga ya samu a wurin kawunsa. Fitilu ne suka rage.

Ya miƙo mana takardar abin da zai saya. Na ga fitila mai juyawa, da mai walƙiya, da wata mai harba siririn haske kamar tsinke wadda suke kira leza. Farar fitila ko ɗaya babu. Na ce, "Ɗana, da wacce za a ga ƙasa?" Ya ce, "Baba, ai a Kaduna haka ake yi."

Nan fa taro ya rabu biyu. Waɗansu suka ce kuɗin taki da iri ba na rawa ba ne. Waɗansu kuma suka ce a ba shi yadda ya nema. Ni ra'ayina shi ne a ba shi, amma da sharaɗi: ya fara da fitilar da za ta sa mutane su ga ƙasa su ga juna, fitilun ado kuwa su biyo baya daga cikin ribarsa.

Don me za a ba shi?

Mu mutanen ƙasar Birnin Gwari mun san abin da muka gani. Shekara da shekaru gonaki da yawa suna kwance saboda 'yan bindiga da suka ɓuya a dazukan Kamuku da Kuyambana. A 2021 har sai da gwamnatin jihar Kaduna ta rufe kasuwannin mako a nan, ta hana sayar da fetur a jarka. Samari da yawa sun tafi haƙar zinariya, waɗansu sun gudu birni. A watan Nuwamba na 2024 Gwamna Uba Sani ya zo ya sake buɗe kasuwar shanu ta Birnin Gwari bayan an yi sulhu, daga nan kuma bukukuwa suka fara dawowa a waɗansu ƙauyuka. To, yaron da ya zauna gida yana noma da damina, ya kuma nemo sana'ar rani ta halal, bai kamata mu kore shi ba. Kuɗin da masu biki za su biya baƙo daga birni, gara su biya ɗanmu.

Kaduna daban, ƙauye daban

A Kaduna cikin ɗakin taro ake biki. Ƙasa siminti ce, ga fitilu a rufi tun kafin mai kiɗa ya zo, shi nasa ƙarin ado ne kawai. Mu kuwa a fili muke yi. Akwai kututture, akwai rami, akwai kunama da maciji, ga tukunya a kan murhu, ga yara suna guje-guje. In mai kiɗa bai kawo haske ba, babu mai kawowa. Jan haske da kore masu juyawa ba su nuna wa tsohuwa inda za ta sa ƙafa. Ranar da wani ya karye a wurin kiɗansa, sunansa ne zai ɓaci, ba za a sake kiransa ba.

Saboda haka ga tsarin da na ba shi. Ya nemi fararen fitilu huɗu na LED, masu ƙarfin wat 20 kowacce, irin waɗanda ruwa da ƙura ba su shiga. Ya ɗaura kowacce a kan gora mai tsawon mita 3 a kusurwoyi huɗu na fili, fuskarta tana kallon ƙasa, don kada ta kashe wa mutane ido. Ya ƙara ƙananan ƙwai biyu masu wat 5, ɗaya a teburinsa, ɗaya a wurin masu dahuwa. In kuɗi ya ragu, sai fitilun launi biyu masu wat 15 a gaban amarya da ango. Ya kuma sani cewa ƙwari sun fi bin haske fari fat, ba su cika damuwa da mai ɗan rawaya-rawaya ba. Don haka mai rawaya-rawayan ya fi dacewa da wurin abinci.

Kada kowa ya raina wat 20. Ƙwan LED mai wat 10 yana ba da haske kamar tsohon ƙwan lantarki mai wat 60, kuma ba ya zafi irin nasa. Masana uku 'yan asalin Japan, Akasaki da Amano da Nakamura, sun sami lambar yabo ta Nobel a 2014 saboda binciken da ya kai ga irin wannan farar fitila. Ita ce ta sa yau talaka zai iya haskaka fili guda da batir ɗaya.

A yi lissafi tun a gida

Ba a fafe gora ranar tafiya. Manomi ba ya sayen taki sai ya san faɗin gonarsa, haka ma mai fitila. Fitilu huɗu masu wat 20 sun kama 80. Ƙwai biyu masu wat 5 sun kama 10. Na launi biyu masu wat 15 sun kama 30. Jimla wat 120 ke nan. In za a yi awa 4 ana biki, sai a ninka 120 sau 4, a sami 480. Wannan shi ne abincin da fitilun za su ci a dare ɗaya.

Yanzu sai a duba rumbu. A jikin babban batir za ku ga an rubuta 12V da 100Ah. In an ninka su za a sami 1,200. Amma batir mai dalma ba ya son a kwashe shi ƙarƙaf, rabinsa ake ci in ana so ya daɗe. Rabin 1,200 shi ne 600, ya kuwa fi 480. Ashe batir ɗaya ya isa. Farantin sola mai wat 150 zai iya mayar da abin da aka ci a wuni ɗaya in rana ta fito sosai, amma a lokacin hazo ko tsakiyar damina a ba shi kwana biyu, a riƙa goge masa ƙura. Tilas a sa na'urar daidaita caji tsakanin faranti da batir, in ba haka ba batirin zai lalace da wuri.

Lasifika tana da nata lissafin dabam. Kada a haɗa ta da fitilu a wuri ɗaya. In wutar kiɗa ta mutu, haske ya tsaya, mutane su ga hanyar gida.

Batir ko janareta?

Saurayin ya ce janareta ya fi sauƙin saya. Gaskiya ne, ranar farko. Amma tun da aka janye tallafin mai a watan Mayu na 2023 kowa ya san yadda kuɗin fetur ya tashi, kuma janareta kullum sai an ba shi ya sha. Rana kuwa ba ta karɓar ko kwabo. Ga kuma haɗari. Wutar janareta ƙarfinta 220 zuwa 230 ne, tana iya kashe yaron da ya taka waya mai rauni a kan raɓa. Ta batir 12 ce, ba ta kama mutum haka. Sai dai a sayi fitilu masu aiki da 12 ɗin, a yi amfani da waya mai kauri, a sa fiyus kusa da batir, domin in wayoyi biyu suka haɗu tsirara suna iya tayar da gobara. A rataye waya a sama ko a binne ta, kada a bar ta a hanyar masu rawa.

Wanda ya zama dole ya yi aiki da janareta, ya ajiye shi a waje, aƙalla mita 6 daga ƙofa ko taga. Hayaƙinsa yana ɗauke da wata iskar guba marar launi marar wari, wadda ta sha kashe iyali guda a cikin barci. Kada a zuba masa mai yana aiki ko yana da zafi, kada kuma a ajiye shi kusa da danga ko rumbu.

Mu tuna muna bakin daji

Wannan ita ce maganar da mai sayar da fitila a birni ba zai faɗa wa yaranmu ba. Fitilar da take harba haske sama ana hango ta daga nesa ƙwarai da dare, kamar mai shela ne yana cewa ga taro a nan. Sulhu abu ne mai kyau, amma rigakafi ya fi magani. Ƙarar janareta kuma tana hana jin babur ko haushin kare. Shawarata ita ce duk fitilu su kalli ƙasa, a haɗa su a makunni guda kusa da hannun mai kiɗa, tocila kuma tana aljihunsa. Kafin ya kafa gora ko ɗaya ya je ya gaida mai unguwa da masu gadin gari, su ne za su yanka masa lokacin farawa da na tashi. In sun ce da rana za a yi, to, da rana ne.

Leza kuwa da fitila mai walƙiya, ni ban yarda ƙungiya ta ba da ko sisi a kansu ba. Leza tana iya lalata ido in ta shiga kai tsaye, yara kuwa ba su san kau da kai ba. Walƙiya mai sauri tana tayar wa waɗansu masu farfaɗiya ciwonsu. Kyan ɗan maciji ne.

Abin da ƙungiya za ta yi

Na san za a ce masu biki ado suke so, wanda ba shi da shi ba zai sami ciniki ba. Ban ƙi ba, shi ya sa na bar masa fitilun launi biyu. Amma ku duba bambancin. Fitila mai juyawa ba ta da aiki sai ranar biki, bukukuwa kuma sun fi yawa bayan kaka zuwa Kirsimeti da sabuwar shekara. Farar fitila da batir da faranti kuwa suna aiki duk shekara. Za a yi hayarsu wajen casar masara da yamma, da ajin yaƙi da jahilci, da zaman makoki, da taron ƙungiya kansa, da rana kuma a yi cajin waya a karɓi kuɗi. Daga nan ne rancenmu zai dawo.

Don haka nake roƙon kowace ƙungiya da irin wannan buƙata ta zo mata, kada ta miƙa kuɗi a hannu. A sa yaron ya kawo lissafinsa a rubuce. A haɗa shi da memba ɗaya su tafi kasuwa tare, a gwada kowace fitila kafin a biya, a karɓi rasit. A ajiye biyan bashin kashi kashi, babban kashin ya faɗo bayan kaka. Shi kuma ya kafa kayansa dare ɗaya a filin ƙungiya tun kafin bikin farko, dattawa su zagaya su ga inda duhu ya rage.

Namu saurayin ya tafi ransa a ɗan ɓace. Bayan kwana uku ya dawo da sabuwar takarda, fararen fitilu huɗu a sama. Mun sa hannu. Ku ma ku tattauna wannan magana a taronku na gaba, ku rubuto mana abin da kuka gani.