Baƙar Jaka Da Mai Ruwan Ƙasa: Buƙata Ko Israfi?



Wata ɗaliba ta tambaye ni bayan darasi: tana da baƙar jakar hannu mai tsada, sai ga wata ta Louis Vuitton, mai ruwan ƙasa mai duhu, ta shiga ranta. Shin kamanninsu bai yi yawa ba?

Ya 'yar'uwa, launi kaɗai ya raba su, aikinsu ɗaya. Baƙa ta fi dacewa da abaya, ɗayar kuwa da leshi mai ruwan zinare, amma da magariba ta yi da ƙyar ido zai bambance su.

Ban ce haramun ba ne. Hadisin Ibn Mas'ud a Sahihu Muslim ya nuna son kyakkyawar tufa ba girman kai ba ne. Sai dai aya ta 31 a Suratul A'araf, wadda ta yi umarni da ado, ita ce kuma ta hana israfi. Ki lura, kuɗin da ya kai nisabi ya shekara akwai haƙƙin talaka a cikinsa, jakar amfani kuwa babu zakka a kanta. Matuƙar ta farko ba ta lalace ba, ki haƙura.

Wallahu a'alam.