Sanarwar Bayan Taron Masu Kamfanonin Jigilar Alhazai da Umara a Kano

Bayan addu'a ga abokan sana'a da suka riga mu gidan gaskiya, mambobi sun tattauna halin da muke ciki tun bayan annobar korona, suka amince a fitar da wannan sanarwa.

Taron ya tuna cewa a ƙarshen Fabrairun 2020 Saudiyya ta dakatar da Umara ga baƙi, aka kuma yi Hajjin 2020 da na 2021 babu maniyyaci ko ɗaya daga waje. A 2022 kujeru 43,008 kacal Najeriya ta samu, su ma na 'yan ƙasa da shekara 65. Sai a 2023 aka maido da 95,000, kuma a shekarar ce darajar naira ta faɗi, kuɗin kujera ya yi tashin gwauron zabo.

Batun da ya fi cin lokaci shi ne amanar kuɗin maniyyata. Mahalarta ba su manta da fasfo-fasfo da suka kwana biyu a durowa ba, da dattawan da suka sayar da shanu ko gona suka kawo kuɗin ajiya, suna ta sintiri a bakin ofis da rasit a aljihu. Wasu kamfanonin sun riga sun tura kuɗin otal a Makka da Madina, wasu kuwa sun zuba su cikin wata harka, abin da taron ya yi tir da shi ba tare da ɓoye-ɓoye ba. Don haka an yanke cewa kowane mamba zai buɗe asusu daban na kuɗin maniyyata, ya kuma ba su yarjejeniya a rubuce, da Hausa, wadda ta fayyace abin da za a mayar musu idan aka fasa tafiya.

Game da manhajar Nusuk ta shirya tafiyar Hajji da Umara, taron bai ga abin tsoro ba. Matashi na iya kama otal da wayarsa, amma tsohuwar da ba ta taɓa hawa jirgi ba tana bukatar malamin bita da mai riƙe hannunta a Mina. Za mu horar da ma'aikatanmu kan manhajar kafin azumi.

Muna roƙon Hukumar Alhazai ta Ƙasa, NAHCON, ta riƙa sanar da rabon kujeru da wuri. Maniyyata kuma su nemi ganin lasisin kamfani kafin su biya ko sisi.

Sa hannun Shugaba da Sakatare, a madadin mambobi.