Wane Labari Za Mu Karanta Wa Wanda Ruwa Ya Ci Gonarsa?

'Yan'uwa manoma, a taronmu na Kurgu na kawo shawara mu riƙa karanta ɗan labari bayan mun gama lissafin taki da iri. Wani dattijo ya miƙe ya ce, "Malam, ƙagaggen labari ai ƙarya ce. Me ya haɗa mai bi da tatsuniya?" Na girmama maganar Baba, amma ban yarda ba. Ga dalilina.

Ubangijinmu Yesu da kansa ya koyar da misalai. Ɗan da ya ɓatar da gādonsa, a Luka sura 15, ba a faɗi sunansa ko garinsu ba, amma kowane uba ya gane shi. Annabi Natan kuma da labarin 'yar tunkiyar matalauci ya sa Sarki Dawuda ya ga zunubinsa. Maƙaryaci yana so ya ruɗe ka. Mai misali kuwa so yake ka ga kanka.

Amma ba kowane labari ne ya dace ba. Akwai irin wanda mutum zai yi hasara da safe, ya yi addu'a da rana, kafin yamma ya zama attajiri. Wannan shi ne na ƙi. A daminar 2020, da Kwara ta cika ta shanye gonakin shinkafa a ƙasar Bagudo da sauran wurare a Jihar Kebbi, wani ɗan ƙungiyarmu ya rasa dukan abin da ya shuka, ga bashi a wuyansa. Ya daina zuwa sujada. Ya ce mini, "Malam, na yi addu'a, ruwa bai tsaya ba." In ka karanta masa labarin arziki na dare ɗaya, ka ƙara masa ciwo ne, gama zai ce bangaskiyarsa ce ta kāsa.

Ku dubi John Bunyan, mai gyaran tukwanen ƙarfe a Ingila. Matarsa ta fari ta rasu ta bar masa yara huɗu, ɗaya makauniya. A 1660 aka kulle shi a kurkukun Bedford don yana wa'azi ba da izinin hukuma ba, ya yi shekara 12 a ciki. A 1678 aka buga littafinsa, Pilgrim's Progress, labarin wani matafiyi da ya bar garinsu da kaya mai nauyi a bayansa. Kayan ya fāɗi a gindin gicciye, amma wahala ba ta ƙare a nan ba. An kashe abokin tafiyarsa a wata kasuwa, ba a kuwa dawo da shi ba. Shi kansa an kulle shi a gidan wani ƙato mai sa fid da zuciya. A ƙarshe sai da ya shiga kogi marar gada, ya soma nutsewa, abokinsa na biyu ya riƙe kansa sama da ruwa har suka haye.

Mu mutanen bakin kogi mun san ma'anar wannan. Fansa ba ta ce ruwa ba zai zo ba. Ta ce ba za a bar ka kai kaɗai a ciki ba. Ɗan'uwan nan namu bai komo don wa'azina ba. Ya komo ne ran da 'yan ƙungiya suka auna masa iri daga rumbunansu, suka zauna tare da shi.

Don haka ga roƙona. Kowace ƙungiya ta sayi littafin rubutu guda. Wanda ya iya rubutu ya zauna da tsofaffi da gwauraye, a tsara labaran irin abin da ya same mu: ambaliya, bashi, mutuwar yaro, rigimar iyakar gona. A sāke sunaye don kada a kunyata kowa. Kada a ɓoye hawaye, kada kuma a yi wa Allah alkawarin da bai yi ba. A karanta minti 15 a ƙarshen taro, a fassara wa masu jin Dandanci ko Zabarmanci.

Baba, na gaishe ka. Ka zo taro na gaba, gama labarinka muke so mu fara rubutawa. Ubangiji ya ba mu damina mai albarka. Amin.