Yoyon Kwamin Ninƙaya da Al'adar Ƙara Ruwa

A tsakiyar hunturun da ya wuce wani aminina, mai ƙaramin masaukin baƙi a wajen gari, ya kira ni ransa a ɓace. Kwamin ninƙayar da ya kashe maƙudan kuɗi ya girka yana raguwa kullum, har ya yanke shawarar sallamar yaron da ke kula da shi, bisa zargin yana ɗibar ruwan yana sayarwa da dare. Yaron kuwa ya rantse cewa iskar hunturu ce ke shanye ruwan. Na tambaye shi ko an auna. Ya ce: "Malam, me za a auna? Ido ai mudu ne." Na roƙe shi ya ba ni kwana biyu da bokiti ɗaya kafin ya raba wani da abincinsa.

Kwamin na faibagilas ne, wato zaren gilashi da aka haɗe da danƙo aka zuba shi ƙwarya guda a masana'anta, sannan aka kawo aka dasa a rami. Irin wannan ƙwarya ba kasafai take yoyo a jikinta ba. Rauninta yana wuraren da aka huda ta, kuma babba daga cikinsu shi ne bakin da ke gefe, daidai saman ruwa, wanda masu sana'ar ke kira sikima. Ta nan inji ke zuƙo ruwan sama da ganye da ƙura, kwando ya tare tarkacen, ruwan ya wuce matata ya dawo. Sikima akwatin roba ne da aka manna wa jikin kwamin da murfin fuska, da sukurori, da gaskit, da abin liƙi. Roba da faibagilas ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna a zafi da sanyi, ƙasar da aka cike bayan kwamin da ita kuma takan zauna bayan 'yan shekaru. Mahaɗar ce ke ɗaukar duk wannan wahala.

Ga yadda muka auna. Muka cika bokiti muka ajiye shi a kan matakalar kwamin, ruwan cikinsa daidai da na waje, muka yi wa kowanne alama, muka kashe inji. Iska da rana ba sa zaɓe: abin da suka sha a kwami za su sha a bokiti. Bayan awa 24 ruwan kwamin ya fi na bokitin sauka da santimita 3. Wannan rarar ba ta hunturu ba ce. Da muka ƙyale shi ba a ƙara ruwa ba, sai saukar ta tsaya cak a ƙasan bakin sikima. Ɓarawo ba ya tsayawa a layi ɗaya kullum; rami ne kawai ke yin haka. A ƙarshe muka ɗiga ruwan bula da sirinji kusa da mahaɗar yayin da ruwa ke kwance, muka ga shuɗin yana zarewa kamar zare yana shigewa ta kusurwar ƙasa. Ruwa dai ba ya tsami banza.

Mai karatu, bari mu yi lissafi, domin a nan zancen yake. Kwamin mita 8 ne a tsawo, 4 a faɗi. Saukar santimita 1 a wannan fili lita 320 ce. Santimita 3 ta zama lita 960 a rana, wato jarka 38 ta 'yan garuwa mai cin lita 25, a wata kuma lita 28,800. Duk wannan yana tsiyaya ne a bayan katangar da mata da yara ke bin layi da robobi a gabanta. Aminina bai taɓa jin zafin asarar ba, domin yana da rijiyar burtsatse: a kunna, a cika, a manta. Ruwan da ke fita kuma ba zama yake yi ba. Yana wanke yashin da ke tallafe da ƙwaryar, ya bar rami, sikima ta ƙara sunkuyawa, tsagar ta ƙara buɗewa.

Gyaran bai kai yadda ake tsoro ba, amma yana da ƙa'ida. Da farko wani magini ya ce a kwashe ruwan duka a shafe wurin da siminti. Shawara biyu ce, duka masu cutarwa. Siminti ba ya kama faibagilas da roba, zai ɓare cikin ɗan lokaci. Kwamin faibagilas kuma ba a zazzage shi gaba ɗaya sai da ƙwararre, domin nauyin ruwan ciki ne ke danne shi. In babu shi, matsin ƙasa da ruwan ƙarƙashi na iya kumbura bangonsa ko su ɗago shi daga raminsa. Abin da aka yi shi ne rage ruwan zuwa ƙasan bakin sikima da kamar taƙi ɗaya. Aka kwance murfin fuskar, aka kankare tsohon liƙi har ba saura, aka wanke aka bari ya bushe ƙayau. Aka sa sabon gaskit da silikon irin wanda ke jure zama cikin ruwa, aka ɗaure sukurorin a gicciye, kaɗan-kaɗan, domin matsewa da ƙarfi kan fasa robar. Aka ba shi lokacin da masu yin liƙin suka rubuta a jikin kwalinsa kafin a mayar da ruwa, sannan aka maimaita gwajin bokiti. Alamun biyu suka sauka tare.

Akwai kuma ƙullin ifoksi da ake murzawa a hannu a danna a tsaga ko da a cikin ruwa ne. Yana tsayar da yoyo na ɗan lokaci, kuma ba laifi ba ne a yi amfani da shi kafin ma'aikaci ya zo. Laifin shi ne a ɗauke shi a matsayin gyara. In akwatin kansa ne ya tsage saboda ƙasa ta motsa, sai an tona bayansa an sake cikewa, in ya kama a canza shi.

Abin da ya tsaya mini a rai ya wuce kwami. Mun saba da maganin da ba ya tambayar dalili. Tankin makaranta na yoyo, a ƙara awannin janareto. Bututun unguwa ya fashe, a saba da taɓo. In aka rasa yadda za a yi, a nemi na ƙasa a ɗora masa laifi. Ɗalibaina sun san na sha gaya musu cewa zato ba hujja ba ne, amma ban taɓa ganin misalin da ya kai wannan sauƙi ba: bokiti guda da kwana ɗaya suka wanke mutumin da rantsuwa ta kasa wankewa.

Ina ba duk mai kwami, ko tanki, ko rijiya shawara ya riƙa yin wannan gwaji sau biyu a shekara, kafin damina da farkon rani. Aminina ya kira yaron a gabana ya ce masa: "Ka yafe ni, na zarge ka ba bisa haƙƙi ba." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce: "Ba komai, Alhaji." Bokitin yana nan a ɗakin inji, da alamar fenti a jikinsa.