Wa Ya Mayar Da Tolstoy Dodo?

Akwai wata ɗabi'a da ta zame wa wasu manyanmu jiki a tarukan marubuta. Da zarar matashi ya karanta babi guda na labarinsa, sai wani ya gyara zaman tabarau ya ce ai har yanzu ba mu fara rubutu ba, a je a ga Tolstoy, a je a ga Dostoyevsky. Ba zai faɗi wane littafi ba, balle wane babi. Yaro ya koma kujerarsa jiki a sanyaye, ya ƙudurta a ransa cewa littattafan Rasha wasu duwatsu ne da sai mai digiri uku ke iya ɗagawa. Mu dai a ganinmu irin wannan yabo ya fi zagi ɓarna, domin ya hana mutane da yawa buɗe littattafan.

Bari mu tambayi masu wannan yabo: su wa suka fara karanta littattafan nan, kuma a ina? A mujalla suka karanta su, gutsure-gutsure, wata bayan wata. Wata mujalla ce ta birnin Mosko mai suna Russkiy Vestnik, wadda Mikhail Katkov ke wa edita, ta riƙa buga Crime and Punishment na Dostoyevsky daga Janairu zuwa Disamba na 1866, kuma a shekarar ta buga wani sashe na labarin Tolstoy da daga baya ya zama War and Peace. Masu biyan kuɗin mujallar ba don cin jarrabawa suke karatu ba. Wani ɗalibi ne talauci ya ci ƙarfinsa, ya sare wata tsohuwa mai ba da bashi kan jingina da gatari, ya haɗa da ƙanwarta da ta shigo ba zato. Mai karatu ya san wanda ya yi kisan tun farko, abin da ya hana shi barci shi ne yadda mai bincike Porfiry ke jan yaron da hira kamar kyanwa da ɓera.

Anna Karenina fa, wanda ya fito a mujallar daga 1875 zuwa 1877? Matar aure ce mai ɗa guda ta faɗa son wani hafsan soja, ta bar gidan mijinta, jama'a suka juya mata baya, ƙarshe ta jefa kanta ƙarƙashin jirgin ƙasa. Don Allah, da a Kano aka buga wannan labari a shekarun 1990, wane suna za a ba shi in ba adabin kasuwa ba? Da an ce yana ɓata tarbiyyar 'yan mata, kuma muna kyautata zaton masu ɗaga sunan Tolstoy a yau ne za su fara yi masa tofin Allah tsine.

Sai batun kuɗi, wanda ake yawan goranta wa matasanmu da shi, wai don neman na tuwo suke rubutu. Dostoyevsky bashi ne ya yi masa katutu, ga caca. Ya sa hannu a yarjejeniya da wani mai ɗab'i, Stellovsky, cewa in bai kawo sabon littafi ba zuwa 1 ga Nuwamba 1866, mutumin zai riƙa buga ayyukansa shekara tara ba ko sisi. Sai ya ɗauki wata yarinya mai saurin rubutu, Anna Snitkina, yana faɗa tana rubutawa, suka gama The Gambler cikin kwana 26. A farkon 1867 ya aure ta. Shi kuwa Tolstoy, da yake mai gonaki ne bai da wannan damuwa, amma shi ne ya tsaya wa kamfanin Posrednik a tsakiyar shekarun 1880, ana buga ƙananan littattafai masu arha 'yan koli suna kai su ƙauyuka, a ƙasar da ƙidayar 1897 ta nuna kusan mutum ɗaya ne cikin biyar ya iya karatu. Wanda ya yi wannan ba ya ƙyamar kasuwa.

Kada fa matasa su ɗauka mun ce duk ɗaya ne. Akwai bambanci, kuma shi ya kamata manya su riƙa nunawa maimakon jefa sunaye. Tolstoy bai mayar da Anna shaiɗaniya ba, bai kuma mayar da mijinta waliyyi ko azzalumi ba. Kowa ya bar shi da hujjarsa, har mai karatu ya rasa wanda zai tsana. Mu kuwa sau da yawa tun shafi na uku an san kishiya ce muguwa, Alhaji ne ɗan iska. Sannan ya yi ta soke rubutunsa yana sakewa, matarsa Sofiya tana kwafe shi da hannu sau da dama.

Masu cewa sunayen Rasha ne ke rikita su, wannan uzuri bai karɓu ba daga mutanen da ke da sunan yanka, da laƙabi, da alkunya. Rodion Romanovich Raskolnikov sunansa ne da na ubansa da na gidansu, uwarsa kuma tana ce masa Rodya. Wanda kaurin littafi ke tsorata shi ya fara da Fathers and Sons na Turgenev, na 1862, wanda bai kai rabin Anna Karenina ba. Yaro ne ya gama jami'a ya dawo gonar ubansa tare da wani aboki, Bazarov, wanda ya raina duk abin da dattawan gidan ke girmamawa, uban yana ta lallaɓa ɗansa yana tsoron kada a ce masa ɗan gargajiya. Da littafin ya fito, dattawan Rasha suka ce an ci mutuncinsu, matasa ma suka ce su aka zaga.